Ƙafar Farke a Hanyar Gwanja

Kogin Daka ba ya cikin manyan ruwayen Ghana. Daga ƙasar Dagomba yake tasowa, ya bi ta kusa da Yendi, ya gangara kudu tsakanin ƙasar Nanumba da ta Gwanja, ya wuce gabas da Salaga, sannan ya zube a Volta. Da rani akwai wuraren da yaro zai ƙetare shi ruwa iya gwiwa, da damina kuwa sai ya cika ya batse ya shanye fadamu. A 1899 Ingila da Jamus suka mai da shi iyaka, Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Yendi ta faɗa hannun Jamusawa. Amma tun kafin Bature ya san da zamansa, ƙafafun fatake sun daɗe suna hawa da sauka a wannan kwari, da kanwa a tafiya, da goro a dawowa.

A biranen Turai da Amurka akan shimfiɗa siririyar hanya a bakin kogi, cikin lambun shaƙatawa na bayan gari, a kafa alluna masu faɗin nisa, a ajiye benci a inuwa, a ɗora gada kan kowace ƙorama. Mutum ya sa takalminsa ya taka awa ɗaya don motsa jini. Abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai wanda ya gina hanyar ya riga ya yi wa mai tafiya dukkan tunani. Farke kuwa allunansa da gadojinsa a kansa suke, kuma tafiyar da ke gabansa daga Kano zuwa Salaga ta haura kilomita 1,000.

Hanyar tsohuwa ce. Tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara da ita. Wasu ayarin sukan ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa, su bi ta Nikki da Jugu su faɗo Yendi. Wasu su bi ta Gurma su ƙetare kogin Oti a Sansanin Mango. Masu fitowa daga ƙasar Mosi da shanu da tumaki da sawaye na auduga kuwa sukan biyo ta Bawku, su hau tsaunin Gambaga, su gangara kudu. A 1826 Bature Hugh Clapperton ya ci karo da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Borgu, yana dawowa daga Gwanja: mutum sama da 1,000, maza da mata, da dabbobi kwatankwacin haka. Ka tsaya ka yi lissafin ruwan da wannan taro zai sha a yini guda, da ciyawar da dabbobinsa za su ci, za ka gane dalilin da ya sa ilimin kogi ya zama jarin madugu na farko, kafin ma kuɗi.

Ba a tashi sai bayan kaka, lokacin da ruwaye suka fara janyewa, hatsi kuma ya yi araha a ƙauyukan hanya. Kafin nan an yi makonni ana ɗauri. Kayan Gwanja su ne kanwa, jar fata, takalma, riguna da turkuɗi, duwatsun wuya, da gabu, wato busasshen ganyen albasa da matan can ke nema don miya. Jaki ana fara ɗora masa akumari, matashin da ke kare bayansa, sannan waga ko mangala, jakunkuna biyu da ke rataye hagu da dama. Mai jaki zai sa hannu ƙarƙashin kowace ya ɗaga ya ji nauyinta. In ɗaya ta rinjayi ɗaya, ko da kaɗan ne, ya kwance ya sake rabo, ko ya jefa dutse a wadda ba ta kai ba. Malalaci yakan ce ai ba komai, su daidaita a hanya. Ba sa daidaita. Kaya ya karkace ya riƙa gogar wuri ɗaya, kwana uku bayan jaki ya yi miki, kwana goma a sauke masa kaya a raba wa mutane.

Ɗan alaro, mai ɗauka a ka, nasa ɗaurin daban ne. Ba ya tara kaya dunƙule. Yakan shimfiɗa su a tsaye cikin tabarma ko fata, ya naɗe, ya ɗaure da igiya bisa sanduna biyu da suka zarce kayan tsawo ta gaba. Amfanin sandunan sai an gaji ake ganinsa. Kayan da sai mutum biyu sun taya ka ɗauka, in ka sauke su ƙasa a daji wa zai ɗora maka? Don haka in numfashi ya ƙare, sai ya nemi bishiya mai reshe biyu daidai tsayinsa, ya sunkuyar da kai har bakin sandunan ya dafa ƙasa, ya jingina bayan kayan a tsakanin rassan ko ya tokare da sandarsa, ya zare kansa ya fito. Wannan hutun shi ake kira loko. Kayan na tsaye suna jiransa. In ya sha ruwa ya miƙe wuya, ya sake shiga ƙarƙashinsu ya ɗaga da ƙarfin cinya, ba da baya ba.

Tsakanin kai da kaya akwai gammo, tsumma ko ciyawa da aka murɗa aka naɗe kamar zobe. In ya yi kauri kaya su yi ta rawa, in ya yi siriri ƙoƙon kai ya yi tsami kafin hantsi. Raminsa na tsakiya dole ya zauna daidai tsakar kai, yadda nauyi zai bi ƙashin wuya ya sauka ta gadon baya. Sannan taku. Mai kaya a ka ba ya yin dogon taku, kuma ba ya duƙar da kai ya dubi ƙasa. Ido kaɗai ke sauka ya hango saiwa ko rami taku biyar a gaba, wuya na nan a miƙe. Ƙugu ne ke lanƙwasa ya shanye girgizar kowane taku, shi ya sa kayan ke tafiya sumul alhali ƙafafu na aiki. A 1986 wasu masana suka auna numfashin matan Luo da Kikuyu na Kenya, suka tarar suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka ba tare da jikin ya ƙara cin ƙarfi ba. Matan da ke kai doya kasuwar Bimbila a yau ba su ji labarin wannan awo ba, amma takun nan ne a ƙafarsu.

Ayari yana da shugabanni. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi da wurin kwana, shi ke durƙusawa gaban sarakunan hanya ya ce ranka ya daɗe, ya miƙa gaisuwa, ya yi cinikin kuɗin wucewa. Jagaba ne ke gaba, shi ya san mararraba da mashigi. Uban dawaki na taya madugu tara kuɗin fito daga hannun fatake gwargwadon kayan kowa. Akwai malamin ayari mai riƙe lissafi da jan salla da zaɓen ranar sa'a. Gamzaki na fitowa a gabas za a tashi mutane, a yi asuba, a ɗaura wa jakuna. Tafiyar sanyin safiya ita ce tafiya. Ana fara ta a hankali har gaɓoɓi su saki, kuma jakin da ya fi kowane rauni shi ke yanke saurin kowa, domin ayarin da ya tsinke biyu ya zama abincin 'yan fashi. Hanya siririya ce, ɗaya bayan ɗaya. A farkon rani gamba ta fi mutum tsawo, na gaba shi ke shan raɓa har wuya. In an ƙone daji kuma, kututturen ciyawa ya tsaya tsini-tsini yana huda tafin ƙafa, a nan mai takalmin fata ke gode wa Allah. Kafin rana ta take tsaka an sauka. Yaron da ya fito da zafin jini yana wuce manya da safe, shi za ka tarar zaune a gindin kaɗanya da azahar yana duba ƙafa, wani dattijo ya wuce shi da taku ɗaya tun asuba, ya ce masa, “Sannu yaro, taso, zango ba nisa.”

Abin da ya fi ba ni mamaki a sana'ar nan shi ne yadda suke auna tazara tsakaninsu da ruwa. Wanda bai sani ba zai zaci hanya mafi sauƙi ita ce a bi gaɓar kogi, ga inuwa ga abin sha. Farke ba ya yin haka. Zamansa da kogi irin zaman mutum da surukinsa ne: kullum ana gaisawa, ba a sakin jiki. Dubi yadda hanyar Yendi zuwa Bimbila ta kwanta a kan tudu, Daka na yamma, Oti na gabas, kowanne a kusa, ba wanda ake takawa. A kan tudu ƙasa marmara ce da tsakuwa, tana ɗaukar kofato ko bayan ruwan sama. A gangare kuwa baƙar laka ce, da danshi ta riƙe ƙafar jaki, da rani ta tsage ta kafe da sawun shanun bara, ta karya idon sawu.

Laka ma ƙaramar matsala ce. Kurmin bakin ruwa gidan tsando ne, ƙudan da ke sa wa doki da jaki da takarkari sammore. Fatake ba su ga ƙwayar cutar da ido ba, amma sun san irin duhuwar da dabba ke shiga lafiya, bayan makonni ta fara ramewa gashinta ya tashi. Saboda haka ba a shayar da dabbobi sai a buɗaɗɗiyar mashaya inda rana ke dukan gaɓa, a sha a fita, ba a barin su su yi kiwo a inuwar. Inda ruwa ke gudu a kan duwatsu yana kumfa kuma, akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da cizonsa ke kai mutum ga makanta bayan shekaru. Shi ya kori ƙauyuka daga kwarin Farin Volta da Jan Volta a yammacin Bawku, aka bar ƙasa mai albarka ba mai nomawa, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin feshin kogunan yankin daga sama a 1974, aikin da aka gudanar daga Wagadugu har zuwa 2002. Ga kuma kurkunu, wanda ke jiran mutum a kududdufi. Ka sha ruwan bana, sai baɗi tsutsar ta fasa ƙafa ta fito, wato daidai lokacin da ake shirin wata tafiyar. Ghana ba ta ga ƙarshensa ba sai 2010, aka ba ta shaidar rabuwa da shi a 2015. Mutumin da ƙafarsa ce jarinsa dole ya zama mai tsantseni da abin da zai kai baki. Ruwa mai gudu ya fi kwantacce. In rafi ya ƙafe, sai a je inda ya yi kwana, a tona rairayi ta gefen waje har damshi ya fito, a kwashe na farko mai dauɗa a zubar, a jira na biyu ya taru ya kwanta, sannan a cika gora da salka.

To, in ba a gaɓa ake tafiya ba, ta yaya ake sanin inda ruwa yake? Jagaba na karanta itatuwa. A kan tudu kaɗanya ce da ɗorawa. In ya hango wani layi mai duhun kore yana lanƙwasa cikin farin daji, da kanya da ɓaure da manyan maɗatai, ƙorama ce ke ƙarƙashinsa. Giyayya na faɗa masa cewa wurin nan ruwa na kwanciya da damina, kada a kafa zango in hadari ya taso. Kuka da tsamiya a tare, babu gida kusa, kufai ne, kuma inda aka taɓa zama akwai tsohuwar rijiya. Da yamma kurciyoyi na miƙewa wuri ɗaya, sawun dabbobin daji na haɗuwa suna zama hanya guda in an kusa mashaya. Duk wannan karatu yana yin sa ne yana tafiya, ba tare da ya rage taku ba.

Duk wayon mutum dai, wata rana sai kogi ya gitta masa. Mai zuwa Salaga daga Bimbila sai ya ƙetare Daka. A nan ayari ke tsayawa cak, jagaba ya tuɓe riga ya shiga shi kaɗai da doguwar sanda. Ba ya zaɓar inda kogi ya tsuke, domin ruwan da aka matse zurfi yake yi da ƙarfi. Yana neman inda ya baje ya yi faɗi, fuskarsa na ƙananan igiyoyi, alamar tsakuwa a ƙasa. Ruwan da ya yi lumui ya yi duhu a gindin gaɓa mai tsayi, wannan gurbi ne, kuma mazaunin kada. Yana caka sanda kafin kowane taku, yana jin amsar da take ba shi: tsakuwa na ƙara, rairayi na karɓa kaɗan ya tsaya, laka na haɗiye sanda ta ƙi saki. Yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, ya tokare sanda a gabansa, ya ja ƙafa a ƙasa ba ya ɗaga ta, ya bi a karkace. Kuma tun kafin ya shiga ya riga ya duba mafita a wancan hayi, domin jaki mai kaya ba ya hawa gaɓa mai santsi. In ya isa, ya kafa reshe a nan da can don na baya su bi tsakani.

Sannan a jera. Kanwa da turkuɗi ba sa shiri da ruwa, don haka akan sauke su daga jakuna a ƙetare da su a ka. Jaki kuwa kowa ya san halinsa da ruwa: ya kafe ƙafafu huɗu ya ƙi. Ba duka ke shigar da shi ba. A sa tsohuwar jaka da ta saba a gaba, mutum ɗaya ya riƙe kai wani ya tura ta baya, sauran su bi. A manyan ruwaye irin Kwara da Oti sai an nemi masu fito da jiragensu, a yi ciniki da sarkin ruwa, a loda kaya, dabbobi su yi iyo a gefen jirgi ana riƙe da kawunansu sama. Babban ayari kan kwashe kwanaki a fito ɗaya. Kuma ƙa'ida ce a ƙetare kafin a kwana, ba a kwana a bar kogi a gaba, domin ruwan da aka yi a wata ƙasa da dare yana iya cika shi kafin asuba alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba.

A zango kowa ya san aikinsa. Wasu su yanko ƙaya a kewaye, wasu su kafa bukkoki, yara su tafi ciyawa, mata su ɗora tukwane. Mai jaki ya cire akumari ya shafa bayan dabbarsa da tafin hannu yana neman wurin da ya yi zafi. Sai ƙafa: a wanke, a cire ƙaya da tsinke tun ba ta yi ruwa ba, a goge kaushi da dutse, a cusa man kaɗanya a faso. Wanda ya ce ya gaji sai gobe, gobe da ɗingishi zai tashi. Unguwannin Hausawa da ake kira zango a Yendi da Bawku da Kumasi da Accra daga irin wannan sauka suka samo asali.

Salaga kanta ba ta kan kogi. Rijiyoyi ne suka riƙe ta, masu yawan da har ake yi mata kirari da su, an fafe su cikin marmara don tara ruwa. Baƙo ya sauka gidan maigidansa, wanda zai ba shi ɗaki da rumbun ajiya, ya haɗa shi da dillali, Sarkin Kpembe, mai iko da garin, kuma na karɓar nasa rabo. Ba zai yiwu a yaba wannan tafiya a ɓoye cewa da yawa daga masu ɗaukar kayan bayi ne ba, kuma Salaga babbar kasuwar bayi ce. Har yau ana nuna wa baƙi wurin da ake kira Wankan Bayi, da Rafin Angulu inda ake yar da waɗanda suka mutu. Gwanintar gammo da loko wasu sun koye ta don riba, wasu da igiya a wuya.

Dawowa ta fi wuya, domin yanzu kayan na da rai. Goron da ke fitowa daga kurmin Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, ba ya son zafi, ba ya son iskar hunturu, ba ya son jiƙa fiye da kima. Ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ɗari ɗari, a jera a huhu da aka shimfiɗe da ganyen fita, mai faɗi da santsi da riƙe sanyi, a ɗaure tam. Bayan 'yan kwanaki sai a kwance a inuwa a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yatsa na jin wanda ya fara laushi, ido na neman ɗan ƙaramin hudar da ke nuna sankara ta shiga, a fitar da shi kafin ya ɓata na kusa. A yayyafa ruwa kaɗan, a sauya ganyen da ya bushe, a mayar. Haka za a yi ta yi wata biyu ko uku har Kano. Ga dalili na biyu da ya hana madugu nisa da rafi: goro ma na shan ruwa.

A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Asante, goro ya fara kauce wa Salaga zuwa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, malamai da fatake suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Alhassan Ɗantata, ɗan madugu daga Bebeji, ya taka hanyar Gwanja da ƙafarsa kafin ya koma ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma da layin dogo ya iso Kano a 1911 lissafin jaki ya daina fita. Dam ɗin Akosombo da aka gama a 1965 ya nutsar da tsofaffin mashigai na Volta, yanzu sai a jira jirgin fito daga Makango zuwa Yeji. Titin mota na gabashin Ghana ya ɗinke Bawku da Garu da Nakpanduri da Gushegu da Yendi da Bimbila, samari kuwa ko shagon bakin layi za su je sai an tayar da babur, a dawo a zauna gindin ataya.

Ilimin dai bai mutu duka ba, ya koma hannun waɗanda mota ba ta kai wa inda za su. Makiyayin da ke gangarowa da shanu kwarin Daka da rani har yanzu yana shiga gaba da sanda ya gwada mashigi, yana kauce wa kurmi, yana tona rairayi a kwanar rafi. Manoman doya na Konkomba da Nanumba, in damina ta yanke hanyar gona, suna fito da doya a ka zuwa bakin titi, gammo a tsakar kai, kuma in ka tambayi ɗayansu ko ruwan gaba zai ƙetaru yau, zai dubi launinsa da irin ciyawar da yake ɗauke da ita ya ce maka ka shiga ko ka jira jibi.